Tawada ruwan zoɓo: wacce ta dace da alƙalaminka da takardarka?

Launin da masu yin tawada ke kira bagandi ja ne mai duhu wanda ya ɗan sha shunayya, wani lokaci kuma ya karkata wajen ruwan ƙasa. Duk wanda ya taɓa ɗaga kofin gilashi cike da zoɓo mai kauri ya duba shi a haske ya san launin. In ya ƙara duhu sai ya koma abin da masu sayar da yadi ke ce wa ruwan hanta. Masu rubutu da alƙalamin ɗuri, wato mai bakin ƙarfe da ake ɗura wa tawada daga kwalba, suna son sa ne don ya fita daban da baƙi da shuɗi, amma ba ya tsole ido kamar jan biron malamin makaranta. Mutum zai cika shafi goma da shi idonsa bai gaji ba.

Sai dai sunan bai tsayar da launin a wuri ɗaya ba. Kwalabe goma za su zo da suna kusan iri ɗaya, ka yi rubutu da su ka ga launi goma. Ita kanta tawada guda, in ka sauya mata alƙalami ko takarda, sai ta sauya fuska. Shi ya sa sayen tawada saboda hoton da aka gani a waya cinikin biri a sama ne. Yawancin hotunan nan da auduga ake shafa tawadar, a malala ta a faɗi a kan takarda mai tsada, alhali kai siririn layi za ka riƙa ja, wanda faɗinsa bai fi rabin milimita ba. A siririn layi tawada mai duhu kan koma kusan baƙa, mai haske kuma ta koma ruwan hoda.

Kafin a shiga kwalabe, ga wata tambaya da takan taso: tunda sunayen da ke jikinsu galibi na giya ne da inabi, ko akwai giya a cikin tawadar? Sunan bagandi daga yankin Bourgogne na ƙasar Faransa ya samo asali, inda ake yin jar giyar inabi, haka ma Bordeaux. Merlot da Syrah kuma sunayen inabi ne. A tawadar da aka saba, launi kawai ake nufi. Abin da ke cikin kwalbar ruwa ne mafi yawa, sai rini, sai ɗan sinadarin da ke hana saurin bushewa irin su gilisarin, da wanda ke sa tawada gudu, da maganin fumfuna. Tawadar da ake kira Oxblood ma, mai ma'anar jinin bijimi, babu jini a cikinta. Inda ya kamata a lura shi ne kamfanin De Atramentis na Jamus, wanda ke da wani rukuni na daban da ya ce da giyar inabi yake haɗa shi. Wanda abin ya dama sai ya karanta jikin kwalba.

Iri uku ne, kuma daga nan zaɓi ke farawa

Mafi yawan tawada ruwan zoɓo ta rini ce. Rinin ya narke a ruwa sarai, shi ya sa take gudu lami lafiya kuma take wankuwa daga alƙalami. Aibinta biyu: ruwa na wanke ta daga takarda, rana kuma na koɗar da ita. Jan rini yana cikin waɗanda suka fi saurin koɗewa.

Ta biyu ita ce tawadar ƙarfe. Ana haɗa gishirin ƙarfe da sinadarin tanin na itatuwa, irin dabarar da dukawa ke bi su samu baƙin rini daga bagaruwa da ƙarfe. A cikin kwalba haɗin a narke yake. Da ya hau takarda iska ta taɓa shi, sai ƙarfen ya sauya ya yi duhu ya kama zaren takardar, ruwa ba ya ƙara narkar da shi. Irin wannan tawada tana da tsami, don haka tana son a riƙa kula da alƙalami.

Ta uku mai gari ce: ƙananan ƙwayoyin launi ne ke yawo a cikin ruwa ba su narke ba. Da ta bushe ta zauna ke nan, ba ruwanta da ruwa, ta kuma fi jure rana. In ta bushe a cikin alƙalami ma haka za ta zauna.

Abin da ba ya shiga alƙalamin ɗuri ko kaɗan: tawadar allo da ake dama wa da ƙaro, tawadar zane mai danƙo, tawadar hatimi da ta firinta. Ƙaro da danƙo suna daskarewa a cikin magudana, wato baƙar robar nan mai siraran tsagu kamar haƙoran mataji da ke manne a ƙarƙashin baki. Tsagin da tawada ke bi bai fi kaurin gashi ba sosai, in ya toshe da irin waɗannan da wuya ya koma daidai.

Masu karkata wajen ruwan ƙasa

Diamine Oxblood ce ma'aunin da ake gwada saura da shi. Kamfanin Diamine yana Libaful a Ingila, yana yin tawada tun 1864, kuma yana sayar da ita a ƙaramar kwalbar roba mai ml 30 da babbar kwalbar gilashi mai ml 80. Oxblood ja ce mai duhu da ɗan ruwan ƙasa, babu shunayya a cikinta sai kaɗan. Rininta na da yawa, saboda haka ko da siririn baki ana karanta ta tar, kuma tana fita sosai a hoton kwafi. Tana gudu daidai, ba rowa ba ɓarna. Abin da aka fi kuka da shi game da ita shi ne ɓawon da takan tara a kan baki da gefen magudana, wani busasshen abu ja-ja mai kama da tsatsa. Ba tsatsa ba ce. Rini ne ke komawa gari in ruwan da ke ɗauke da shi ya ƙafe, kuma ya fi fitowa a alƙalamin da murfinsa ba ya rufewa ruf. Jiƙaƙƙen tsumma na share shi. Bakin ƙaramar kwalbar matsattse ne, alƙalami mai kauri ba ya shiga. Mai irin wannan alƙalami ya sayi babbar ko ya ɗebi tawadar da sirinji.

Herbin Rouge Grenat daga Faransa take, sunanta na jan dutsen ado ne. Ta fi Oxblood zama ja tsantsa, duhunta na nan amma ruwan ƙasar ya ragu. Yawancin tawadar Herbin tsarara ce, wannan kuwa ta fi 'yan uwanta kauri. Tana zuwa a ml 30 da ml 10. Kwalbar ml 30 gajera ce mai faɗi, da tawada ta yi ƙasa sai baki ya daina nutsewa, dole a karkata ta ko a juye ragowar a wata siririyar kwalba.

Platinum Classic Cassis Black ita ce ta ƙarfe a wannan jeri. Kamfanin Platinum na Japan ya fito da rukunin a 2017 da launi shida, a kwalba mai ml 60. Tana sauka a takarda da ja mai haske, kana kallo tana yin duhu, ta ci gaba da nuna har bayan ta bushe. Tana da ɗan rowa, wanda ya zama alheri a kan takarda mai araha domin ba ta cika nashewa ba. In ruwa ya zuba a kai, jan rinin zai ɗan gudu, amma layin ƙarfen zai tsaya a karanta shi. Kada a yi tsammanin launin zai fita daga ruwa yadda ya shiga. Rubutun ne ke tsira, ba adonsa ba.

Masu karkata wajen shunayya

Diamine Syrah ita ce ta fi kusa da ainihin zoɓo. Tarihinta ma abin sani ne: Richard Binder, wani sanannen mai gyaran alƙalami a Amurka, ya kan haɗa jar tawadar Sheaffer da shunayyar Waterman kashi ɗaya-ɗaya, har haɗin ya yi suna, daga baya Diamine ta yi Syrah a kan wannan launi. Tana da kauri da santsi, a kan takarda mai sulɓi kuma takan daɗe ba ta bushe ba. Wanke ta daga alƙalami na cin ruwa fiye da yadda ake zato. Ƙanwarta Writer's Blood ta fi ta duhu kuma tana da kyauta ƙwarai: tana zuba da yawa. A alƙalami mai rowa ko mai baki siriri sosai wannan magani ne, amma a faffaɗan baki da takardar kwafi sai layi ya kumbura ya ɓullo ta baya.

Montblanc Burgundy Red ta bi wata hanya dabam. Rininta bai kai na Diamine yawa ba, launinta a kwance yake kamar an ɗan yayyafa masa toka, kuma tana da ɗan rowa. Wannan ne ya sa take saurin bushewa da saurin wankuwa, take kuma nuna inuwa, wato farkon harafi ya yi haske, ƙarshensa inda tawada ta taru ya yi duhu. A siririn baki mai rowa takan yi fari-fari har ta ba mutum haushi. Tana son matsakaicin baki ko faffaɗa. Kwalbarta mai ml 60 tana da ɗan lungu a gaba, in tawada ta yi ƙasa sai a karkata ta taru a nan. Farashinta ya ninka na Diamine sau da yawa, kuma a ganinmu abin da aka ƙara biya na kwalba ne da suna. A harkar tawada maganar nan ta araha ba ta ado ba ta da ƙarfi.

Wanda ke son irin wannan kwantaccen launi ba tare da tsadar ba, ya duba Rohrer & Klingner Alt-Bordeaux, ta wani tsohon kamfanin Jamus da aka kafa a Leipzig a 1892, a kwalbar ml 50. Ta rini ce, ba ta jure ruwa. Mutane kan rikita ta da Scabiosa ta kamfanin ɗaya, wadda ita ce ta ƙarfe, launinta kuma shunayya ce mai toka, ba ruwan zoɓo ba.

Pilot Iroshizuku Yama-budo, mai ma'anar inabin dutse, ana yawan saka ta cikin jerin bagandi, amma gaskiya ta fi zama shunayya mai ja. Wanda ya saye ta yana neman ruwan hanta zai ga abin ya yi masa haske. In dai launin ya yi maka, santsinta a baki ba a magana, kuma kwalbar ml 50 tana da ɗan rami a gindi don tsinin baki ya kai ga ragowar tawada. Sailor Oku-yama ta fi ta zama a tsakiya, ja mai duhu kamar 'ya'yan rumman, kuma inda ta taru takan yi ƙyalli kore-kore mai ruwan zinare. Ƙyallin nan rini ne da ya bushe a saman takarda bai shige ciki ba, don haka a takarda mai shan ruwa ba za ka gan shi ba sam, a mai sulɓi kuma gumin yatsa na iya goge shi ko bayan kwanaki. A rukunin Shikiori kwalbarta ml 20 ce kawai, in aka yi lissafin kowane ml tana cikin masu tsada.

Noodler's Black Swan in Australian Roses ta Amurka ta masu son inuwa ce, daga ruwan hoda mai duhu har kusan baƙi a harafi ɗaya, musamman da baki mai lanƙwasa. Kwalbar kusan ml 90 ce kuma cike take zuwa har wuya, a buɗe ta a kan tebur a bisa tsohuwar jarida. Launinta ya taɓa bambanta daga wani zubi zuwa wani, don haka kwalba ta biyu ba lalle ta yi daidai da ta farko ba.

Mai son rubutun da ruwa ba zai taɓa ba ko kaɗan, sai mai gari, irin De Atramentis Document Dark Red. Launinta shimfiɗe yake, ba inuwa sosai ba ƙyalli, kuma takan faɗaɗa layi a wasu takardu. A girgiza kwalbar kafin ɗuri.

To wacce?

Mai alƙalami ɗaya da ke son tawadar yau da kullum ya fara da Oxblood in idonsa ya fi kwanciya da ruwan hanta, ko Syrah in zoɓo yake nema, kuma ya sayi ml 30. Kwanbata, wato 'yar ma'ajiyar nan mai fistin da ake murɗawa ta zuƙo tawada, galibi tana ɗaukar kusan ml 0.7, ke nan ƙaramar kwalba za ta ba da ɗuri wajen 40. Wannan ya isa mutum ya san ko son launin yake yi da gaske. Mai rubuta lissafin shago, adireshi a bayan ambulan, ko littafin da zai daɗe ana buɗawa, Cassis Black ta fi masa, in kuma takardar za ta sha ruwa sosai sai Document Dark Red. Malamin da ke duba aikin ɗalibai a littafin makaranta mai siririyar takarda yana bukatar mai rowa: Cassis Black ko Alt-Bordeaux, da siririn baki. Bahago, da mai rubuta Larabci ko ajami da hannun dama, hannunsu kan bi ta kan abin da suka rubuta yanzu, saboda haka su guji Writer's Blood, Oku-yama da Black Swan a takarda mai sulɓi. Fam na banki, takardar jarrabawa da takardun hukuma kuwa galibi baƙi ko shuɗi ake nema, a wasu ofisoshi ma an keɓe ja ko kore ga wasu muƙamai. A tambaya kafin a sa hannu da ruwan zoɓo.

Alƙalami da takarda suna da nasu rabo

Bakin Japan ya fi na Turai siranta ko da harafin da ke jikinsu ɗaya ne. F, wato siririn baki, na Pilot, Sailor ko Platinum yakan ja layi wajen milimita 0.3 zuwa 0.4, F na Lamy ko Pelikan kuwa ya fi kusa da M, wato matsakaicin baki, na Japan. Ƙa'idar haɗi ita ce a ba alƙalami mai rowa tawada mai kyauta, mai kyauta kuma a ba shi mai rowa. In duka biyun masu kyauta ne, launin zai dulmuye ya koma baƙi-baƙi, jan ya ɓace. In duka masu rowa ne, za a samu koɗaɗɗen layi da baki mai kartar takarda.

Alƙalami mai jiki garau kamar gilashi, irin TWSBI Eco, yana da kyau da jar tawada a ciki, amma jan rini da shunayya su ne kan gaba wajen barin tabo a roba. In za a zuba, kada ta wuce mako biyu zuwa uku ba a wanke ba. Tsohon alƙalami mai jakar roba mai laushi a ciki, wanda ake ɗura wa ta hanyar ɗaga ɗan ƙarfe a gefe, gara a bar shi da tawada mai sauƙin rini. Masu gyara sun daɗe suna gargaɗi cewa ja mai kauri na rage wa jakar kwana.

Takarda mai sulɓi, irin Rhodia mai giram 80, Clairefontaine mai giram 90 ko Tomoe River mai giram 52, tana riƙe tawada a sama, launi ya fito da inuwarsa, amma bushewa ta yi jinkiri. Takardar kwafi da littafin makaranta suna tsotse ta nan take: bushewa da wuri, launi a dushe, gefen harafi ya yi gashi-gashi. Nauyin takarda ba shi ne ma'auni ba. Tomoe River siririya ce amma tawada ba ta ratsa ta, wata mai giram 80 kuma tana yoyo. Abin da aka shafe fuskar takardar da shi ne ke aiki. Takarda ruwan madara tana tura bagandi wajen ruwan ƙasa, fara sol kuma tana fito da shunayyarsa.

Gwajin da ya kamata a yi

Gani ya kori ji. Shagunan alƙalami da yawa a intanet suna sayar da ɗanɗano a 'yar kwalba mai ml 2, wanda ya isa ɗuri biyu. A ɗura a alƙalamin da za a riƙa amfani da shi, ba a tsoma baki kawai ba, domin tsomawa na ba da layi mai duhu fiye da na gaskiya. A rubuta rabin shafi a kan takardar da aka saba, a duba shi da rana a bakin taga, a sake dubawa da dare a ƙarƙashin fitila; farin ƙwan lantarki na ƙara shunayya, mai ruwan ɗorawa na ƙara ruwan ƙasa.

Don sanin bushewa, a ja gajerun layuka huɗu, a goga yatsa a kan na farko bayan sakan 5, na biyu bayan 10, na uku 20, na huɗu 30. Wadda ta wuce sakan 30 tana gogewa za ta wahalar da mai saurin juya shafi. Don ruwa, a bar rubutu ya kwana, a ɗiga masa ruwa, a jira minti ɗaya, a dafa da tishu ba tare da gogawa ba. Don rana, a rufe rabin rubutun da kwali a manna takardar a jikin taga mako biyu zuwa huɗu, sannan a kwatanta ɓangarorin.

Akwai kuma gwaji mai nuna abin da ke cikin tawadar. A yanko siririn tishu mai kauri, a ɗiga tawada kusan santimita 2 daga ƙasa, a tsoma ƙarshensa a ruwa ba tare da ruwan ya taɓa ɗigon ba. Ruwa zai hau ya rarraba rinin. In toka ko baƙi ya tsaya a inda aka ɗiga, akwai abin da zai saura in takarda ta jiƙe. In komai ya tashi sama, ɗigon ruwa ɗaya zai share rubutun. In aka ga ruwan hoda mai ƙarfi ya yi nisa, a sa ran tabo a kwanbata.

Abin da kan lalace, da dalilinsa

Alƙalami ya ƙi tashi bayan an buɗe shi. Yawanci ruwa ne ya ƙafe daga baki, rini ya yi kauri a tsagin. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, abin ya fi yawa, kuma tawadar da ke cikin kwanbata kan ƙara duhu daga mako zuwa mako saboda wannan ƙafewa. A taɓa bakin da jiƙaƙƙen tishu, a riƙa mayar da murfi ko tsayawar minti ɗaya za a yi. Alƙalami mai murfin ciki da ke matsewa da sifirin, irin Platinum Preppy da #3776 Century, ya fi dacewa da tawadar ƙarfe da mai gari saboda wannan dalili. Da damina kuwa akasin haka ake gani: takarda ta sha laima, bushewa ta yi nawa, nashewa ta ƙaru.

Tawada ta yi tsartuwa a cikin murfi ko ta ɗiga a takarda. Iskar da ke cikin ma'ajiya ce ta faɗaɗa da zafi ta turo tawada waje. Ya fi faruwa in ma'ajiyar ta kusa ƙarewa, ko an bar alƙalami a cikin mota da rana, ko a jirgin sama. A riƙa ajiye shi baki sama, a cika shi kafin tafiya.

Tawada ta yi kauri tana gogewa. A ɗebi ml 5 a wata kwalba a ƙara rabin ml na tataccen ruwa, wato kashi ɗaya cikin goma, a gwada. A sayi ruwan a kemis. Wanda ke hannun masu cajin batir wani lokaci da asid a cikinsa. In kuma rowa ta yi yawa, a tsoma tsinin tsinken sakace a sabulun ruwa na wanke-wanke a juya shi a cikin ml 5 ɗin. Ɗigo guda cikakke ya yi yawa, tawadar za ta riƙa malala. Kada a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan a babbar kwalba.

Haɗa launi ma haka: a ƙaramar kwalba, gara na kamfani ɗaya, a bar haɗin kwana biyu a duba ko wani abu ya kwanta a gindi ko ya yi yauƙi. Ja kashi huɗu da shunayya kashi ɗaya mafari ne mai kyau, baƙi kuma da ɗigo-ɗigo ake ƙara shi don yana cinye launi da sauri. Tawadar ƙarfe ba a haɗa ta da kowa. Tsami gare ta, alhali galibin na Sailor da Iroshizuku ɓangaren kanwa suke, in suka haɗu sai su tsinke su yi gudaji. Ko ragowar da ta maƙale a magudana na iya jawo haka, don haka a wanke alƙalami sarai kafin a sauya daga wannan zuwa waccan.

Wanki da ajiya

Ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi kawai. Ruwan zafi na lanƙwasa magudana. A zuƙa a fesar da kwanbata har ruwan ya fito fari, sannan a tsayar da alƙalamin baki ƙasa a cikin kofi a kan naɗaɗɗen tishu ya kwana. Da safe za a ga ja a tishun ko da ruwan ya fito garau jiya, domin rini na ɓuya a tsakanin haƙoran magudana. In tabon ya yi yawa a maimaita. Wanda ya tsallake wannan ya zuba shuɗi, zai yi kwana biyu yana rubutu da shunayya.

In rini ya kafe, a jiƙa baki da magudana dare ɗaya a kofin ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke. In bai fita ba, amoniyar gida kashi ɗaya a ruwa kashi goma, a ɗauraye sosai bayan nan, kuma kada ta taɓa alminiyam. Ga ragowar tawadar ƙarfe amoniya ba ta dace ba. Farin ruwan khal kashi ɗaya a ruwa kashi goma shi ke narkar da ita. Sifirit da ruwan goge farce suna cin roba su dusashe ta, bilic kuma na cin ƙarfe, haɗuwarsa da amoniya ko khal na fitar da iska mai guba. Tawadar rini a wanke duk wata ɗaya ko lokacin sauya launi, ta ƙarfe da mai gari duk mako biyu zuwa uku, kuma in za a yi mako biyu ba a taɓa alƙalamin ba a zubar da abin da ke ciki tukuna.

Kwalba ta zauna a cikin kwalinta, a durowa, nesa da taga, murfi a ɗaure tam, a kuma goge bakinta kafin a rufe don busasshen rini kada ya hana murfin zama. Kada a mayar da ragowar da ke cikin alƙalami cikin kwalba, ta nan fumfuna ke shiga. In aka ga farin abu yana yawo a sama, ko zare mai yauƙi ya biyo baki, ko wari ya sauya, a zubar da kwalbar gaba ɗaya, a wanke duk alƙalamin da ya sha daga cikinta da ruwan amoniyar nan, a bar shi ya bushe kwana biyu kafin a ɗura masa sabuwa.